Awo A Likita: Minti Biyar Ɗin Da Muke Ƙyashin Bayarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa likita da safiyar ranar kasuwa ya san yadda benci yake cika. Ga mai tallar fura ta aje ƙwaryarta a bakin ƙofa, ga mai atamfa tana ta duba salula don ta bar rumfa a hannun yarinya, ga direban Maraɗi zuwa Ɗan Isa yana tunanin fasinjan da ke wuce shi a tasha. Kowa so yake a rubuta masa magani ya kama gabansa. Da zarar ma'aikacin jinya ya ce a zauna a huta tukuna kafin a yi awo, sai ka ji tsaki daga ƙarshen benci. Mu ma mun sha yin wannan tsaki, har ranar da abin ya zo kan gwaggonmu.

Gwaggo kayan miya take sayarwa, kuka da kuɓewa da daddawa, shekara fiye da ashirin a rumfa guda. Ranar nan ba don kanta ta je ba, jikanta ta kai yana tari. Da aka gama da yaro sai majo ya dube ta ya tambaya yaushe rabonta da awon tansiyo. Ta ce tun cikin autanta. Ya ɗaura mata na'ura, ya ga 18 bisa 11, bai ce komai ba ya kwance.

"Hajiya, tofar da goron nan, ki zauna can ki jingina har in sallami mutanen da ke gabana."

"Haba ɗana, rumfa fa na baro ba kowa."

"Rumfa tana nan, Hajiya. Zauna."

Ta zauna tana ƙunƙuni. Da ya sake aunawa abin ya sauko 16 bisa 10. Ya rubuta a karne, ya ce ta komo bayan ƴan kwanaki da sassafe, kuma kada ta ci goro kafin ta zo. Ta komo, aka sake samun 16 bisa 10, daga nan aka sa ta kan magani. Maƙwabciyarta ta rumfa, wadda tare suke cin goro tare suke hira, ita ba ta taɓa yarda an auna ta ba, don a cewarta ba abin da ke mata ciwo. Wata damina ta faɗi tana shirya kaya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yau wani ne a rumfar, jarin kuwa ya tafi wajen jinya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatu a kan ƙa'idojin da aka koya wa ma'aikatan jinya game da awo, domin rabin waɗannan ƙa'idoji ba a hannunsu suke ba, a hannun wanda ake aunawa suke.

Abubuwa huɗu ake fara dubawa ga duk maras lafiya: zafin jiki, bugun zuciya, yawan numfashi da kuma tansiyo, wato ƙarfin da jini ke tura jijiyoyi da shi. Su ma'aikatan da Faransanci konstant suke ce musu. Yanzu an ƙara na biyar, wato awon iskar da ke cikin jini. Lokotoro bai ganin cikin mutum. Waɗannan lambobi su ne farkon abin da jiki ke gaya masa, kuma a kansu yake yanke ko a ba ka ƙwaya ka koma kasuwa, ko a ba ka gado, ko a tura ka babbar likita cikin gaggawa. Ɗan kasuwa kuwa ba baƙon awo ba ne. Wanda ke sayen gero a ƙauye ya san tiya ɗaya tana iya ba da awo iri uku, gwargwadon yadda aka cika ta, aka girgiza ta, ko aka lotsa gindinta. Haka na'urar likita take. Tana da yadda ake aiki da ita, in an saɓa sai ta ba da lambar ƙarya, a kan ƙaryar kuma a rubuta magani.

Sha biyu bisa takwas

Mu fara da tansiyo, don nan ne ruɗani ya fi yawa. A shirinmu na rediyo mun sha samun mai kira hankali tashe, wai a gida an ce masa tansiyonsa 13 ne, ya je Katsina ko Kano an ce 130, shi ke nan ciwo ya ninka sau goma. Ba abin da ya ninka. Ƙasashen da ke aiki da Faransanci sun saba faɗin lambar da santimita, Najeriya da sauran masu Ingilishi da milimita, haka ma na'urorin zamani masu batir. Saboda haka 12 bisa 8 shi ne 120 bisa 80, 14 bisa 9 shi ne 140 bisa 90. Kamar mai cewa jika ne da mai cewa dala ɗari biyu, kuɗin ɗaya ne.

Lamba ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matse ta tura shi, ta ƙasa kuma sa'ad da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. Idan ka ga ma'aikaci ya hura ɗamarar hannu ya sa abin saurare a lanƙwasar gwiwar hannunka, yana jiran ƙara biyu ne: inda bugu ya fara jiyuwa, da inda ya ɓace. Wani likitan Rasha mai suna Korotkof ne ya gano wannan dabara a 1905, har yau kuma da ita ake aiki. Shi ya sa surutu a wannan lokaci yake ɓata aiki, kuma shi ya sa ake sakin iskar a hankali. Mai sakin iska fuu gaba ɗaya, cinta kawai yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce ana kiran abu hawan jini ne idan an auna a ranaku biyu daban-daban aka samu ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. A lura da wannan, ranaku biyu. Awo guda na mutumin da ya sauko daga kabu-kabu cikin ranar Afrilu, ya gama cacar baki da mai bashi, bai isa a ɗora shi kan maganin har abada ba. Sai fa idan lambar ta yi sama ƙwarai, kamar 18 bisa 12, kuma ga ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko gani dishi-dishi, ko harshe ya yi nauyi. Wannan ba a cewa a komo jibi, a ranar ake aiki.

To me ƙa'ida ta ce? A zauna a huta minti biyar. A jingina baya, ƙafafu biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. A ɗora hannu bisa tebur daidai tsayin zuciya. A ɗaura ɗamarar bisa fatar dantse, ba bisa hannun riga ba, kuma kada a naɗe hannun rigar har ya shaƙe dantsen. Wanda fitsari ya matsa ya je ya rage tukuna. Rabin awa kafin awo ba sigari, ba taba gari, ba kafe. A nan ƙasar sai mu ƙara da goro da shayin fada, don abin da ke hana barci a cikin kafe shi ne a cikinsu. Sa'an nan a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu. Ranar farko ma an fi so a gwada hannu biyu, wanda ya fi nuna lamba babba da shi za a riƙa aiki.

Wani zai ce duk wannan fi'ili ne. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada abin a 2024, suka tarar idan hannu yana reto a gefen jiki lambar sama tana ƙaruwa da wajen 6 da rabi, idan bisa cinya yake tana ƙaruwa da wajen 4. A 2023 kuma sun nuna cewa mai kaurin dantse sosai, in aka ɗaura masa ɗamara ta kowa da kowa, lambarsa na iya ƙaruwa da kusan 20. Wato Hajiya mai jiki wadda gaskiyar tansiyonta 12 da rabi ne, sai a ce mata 14 da rabi, ta shiga sayen magani duk wata kan ciwon da ba ta da shi. Idan kin ga ɗamarar da ƙyar take haɗuwa a hannunki, ko tana ɓallewa in an hura, ki tambaya ko akwai babba. Ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da muke ganin ya kamata a bari, ita ce dunƙule lamba. Mutum ya samu 136, a ce masa 14. Wani ya samu 144, shi ma a ce masa 14. Ɗaya yana ƙasan iyaka, ɗaya ya tsallake ta. Ba ɗan kasuwar da zai loda buhu 144 na albasa a Galmi ya yarda a rubuta masa 140. In na'ura mai batir ce, a nemi a rubuta lambar cikakkiya yadda ta fito.

Abin da ya sa muka daɗe kan tansiyo shi ne ciwon ba ya sallama. Rahoton OMS na 2023 ya ce wajen mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Yawanci ba ciwon kai, ba jiri, sai dai yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Wanda aka sa kan magani ya ga lamba ta sauko ya daina sha, ya sani maganin ne ya sauko da ita, ba warkewa ya yi ba.

Masu juna biyu da masu jego

A wajen mai ciki tansiyo ba wasa ba ne ko kaɗan. Tun 2006 gomnati ta shigo da tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, mata da yawa kuma suka saba da zuwa awo. Amma har yanzu akwai masu zuwa don karɓar gidan sauro da ƙwayar ƙarin jini kawai, in layin awon tansiyo ya yi tsawo su sulale. Bayan ciki ya wuce mako 20, wato wajen wata biyar, idan lamba ta kai 14 bisa 9 sajifam za ta so ta gwada fitsari ta kuma sa ido. Idan ta kai 16 bisa 11 an shiga haɗari. Wannan ita ce hanyar da ke kai mace ga jijjiga, wadda a gida ake cewa iska ce a tsaya hayaƙi da rubutu, alhali akwai allurar da ake yi mata a likita. Mai cikin da fuskarta da hannayenta suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ko take ciwon kan da ba ya jin magani, ko take ganin wuta-wuta a idonta, kada ta jira ranar awonta. Ta rufe kaya ta tafi.

Bayan haihuwa ma haka. Dangi kan ji haushi in ma'aikaciya tana ta dawowa tana kama hannun mai jego tana danna mara, musamman cikin awa biyun farko. Jini take tsaro. Macen da jini ke zuba mata, bugun zuciyarta ne ke fara sauri tun kafin tansiyo ya faɗi, tun kafin ita kanta ta ce ta ji wani abu. Shi ya sa OMS ta ce a bar mai jego a likita aƙalla awa 24, ko da kuwa baƙi sun cika gida. Hawan jini kuma yana iya tasowa bayan an koma gida, lokacin da ake ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, kanwa kuwa ƴar uwar gishiri ce a wajen jini.

Jikin yaro ya yi zafi

Bayan hannun uwa yana gane zafi, amma ba ya ba da lamba. Zafin jikin mai lafiya yana wajen 37. A hamata, in ya kai 37 da rabi ana lissafa shi masassara. Ƙa'idar ita ce a share gumin hamata, a sa bakin abin awon can tsakiya ya taɓa fata, a matse hannun yaro da jikinsa har na'urar ta yi ƙara. Mai kama da bindiga da ake nunawa a goshi, wadda ta bazu lokacin korona a 2020, tana da sauri amma rana da gumi suna ruɗa ta. Yaron da aka goyo cikin rana a lulluɓe da zane, a kwance shi ya sha iska kaɗan kafin a auna.

Abu ɗaya da iyaye mata ke ɓoyewa, kuma yana da muhimmanci: maganin da aka ba yaro a gida. An ba shi parasetamol na mai tire da ƙarfe bakwai, an iso likita ƙarfe tara, na'ura ta nuna 37, ma'aikaci ya ɗauka ba komai. Ki faɗa masa abin da kika ba yaro da lokacin da kika ba shi, in da hali ki zo da kwalin. Ko ya yi faɗa, faɗan ya fi a sallami yaro da masassarar cizon sauro a jikinsa. Ba kuma kowane zafi ne na sauro ba, shi ya sa ake tsaga yatsa a yi gwaji, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito.

Jinjirin da bai kai wata biyu ba dokarsa daban ce. In zafinsa ya kai 37 da rabi, ko ya faɗi ƙasa da 35 da rabi, duka biyun alamar haɗari ne. Jinjirin da jikinsa ya yi sanyi ya ƙi kama nono ya fi mai zafi ban tsoro, ga shi kuwa shi ne aka fi bari a ɗaki.

Awon da ba ya bukatar na'ura

Ƙirga numfashi shi ne mafi arha cikin duka, agogo kawai yake so, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ma'aikaci mai wayo ba ya gaya maka yana ƙirgawa, don da ka sani za ka canza numfashin. Sai ya riƙe wuyan hannunka kamar yana jin bugu, idonsa kuwa yana kan ƙirjinka. Ga yara kuma wannan awo ne ke bambanta mura da ciwon huhu. A ƙa'idar da OMS ta ba ma'aikata, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jinjirin ƙasa da wata 2, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara guda, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ana ƙirgawa minti guda cur, yaro yana kwance ba kuka ba. Saboda haka in an ce ki ba shi nono ya yi shiru tukuna, aikin ke nan.

Wannan ko a gida uwa na iya yi. A ɗaga rigar yaro, wani ya riƙe salula yana duba minti, ke kina ƙirga tashin ciki. In kin ga ƙasan awazunsa yana faɗawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ba sai kin ƙirga ba ma, likita za ki nufa. Lokacin hunturu da ƙura abin ya fi yawa, yaran da ke wuni a bakin murhun masu tuyar ƙosai da waina kuwa hayaƙi yana ƙara musu. Masu shakkar ko matan da ba su yi lakkwal ba za su iya awo, su tuna da Mirriya ta jihar Damagaram, inda ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna dantsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja don gano tamowa, aka kuma ga sun iya. Yau dabarar ta kai ƙasashe da dama.

Bugun zuciyar babba yana tsakanin 60 da 100 a minti in yana hutawa, na yara ya fi haka sauri. Da yatsu biyu ko uku ake ji a wuyan hannu, ban da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun. Bayan yawansa ana duba ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa kuma iskar jini yake nunawa. Mai lafiya yana samun 95 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 ana bukatar ƙarin iska. Yatsa mai sanyi, fentin farce da baƙin lalle suna iya hana shi karantawa daidai, sai a gwada wani yatsan.

Ba za mu ɗora laifi duka a kan masu zuwa awo ba. Mun taɓa kai ƙanenmu wata likita, muka ga an rubuta 37 da 12 bisa 8 a takardarsa alhali ba wanda ya taɓa shi. Mun san ma'aikaci ɗaya kan duba mutane masu yawan gaske kafin azahar, wani wurin na'urar guda ce, ɗamarar ta tsage, batir ya mutu. Amma lambar da aka rubuta da ka ta fi rashin lamba haɗari, don lokotoron da zai karanta ta zai gaskata. Muka ce da ita cikin ladabi, Madam, ba a auna shi ba fa. Ta dube mu, ta ɗauko na'ura. Zafinsa 39 ne.

Masu yawo da na'ura cikin kasuwa suna awo a ba su ɗan canji, ba mu ce a kore su ba, don ta hannunsu wasu suka fara jin labarin tansiyonsu. Sai dai awon da aka yi maka kana tsaye bakin rumfa, hannu a reto, kana ciniki da wani, bai wuce ishara ba. In ya nuna sama, a je likita a tabbatar, kada a juya wajen mai tire a sayi ƙwayar saukar da jini. Wanda kuma yake da hali zai sayi tasa na'ura, ya sayi ta dantse a farmasi, ta fi ta wuyan hannu aminci, ya gwada ɗamarar a hannunsa kafin ya biya, ya kai ta likita a kwatanta da tasu. Awon gida ana yin sa da safe kafin shan magani da kuma dare, a rubuta kwanan wata da lambar.

Gwaggo dai yanzu karnenta yana cikin jakar da take aje littafin bashi. Farkon kowane wata takan je da sassafe kafin ta buɗe rumfa, ta bar goron a ƙulle a bakin zane sai an gama. Ta rage gishiri da dunƙulen miya, ko da yake har yanzu muna gardama da ita a kan kanwa. Awon da aka yi mata na ƙarshe 134 bisa 84 ne, ita ce kuma ta hana a rubuta mata 13 bisa 8.